Hoton Ƙirjin Baba Ya Tafi Aro

Aikina ɗaukar hoton ƙirji da na ƙashi ne a wani asibiti a Birnin Kudu. In tsayar da mutum gaban allon hoto, in ce ya dafa ƙugu ya tura kafaɗunsa gaba, in koma bayan bango in ɗaga murya: ja numfashi, riƙe. Da waɗannan kalmomi nake cin abinci shekara da shekaru, har 'ya'yana suna kwaikwayona da su idan na fara faɗa a gida. Faɗa kuwa ina yi, ba zan ɓoye ba. Inna takan ce tun ina goye nake da saurin hawa, kuma ba a wajenta na ɗauko ba.

Baba manomi ne a Kwandiko, can ƙasar Gwaram, da 'yan shanunsa da ba su kai goma ba, ragowar garken kakanninmu da suka zauna wuri guda suka rungumi fartanya har Fulatanci ya gudu daga bakinmu. Mutum ne mai son raha da son a taru a kansa. Asibiti kuwa bai yarda da shi ba ko kaɗan, duk da 'yarsa a can take aiki. Yakan ce shi da lafiyarsa ba zai je wurin da ake nemo wa mutum ciwo ba. Sai wata bazara san huɗarsa ya tunkuye shi a haƙarƙari yana ɗaure shi, ya kwana biyu yana numfashi da ƙyar, Baffa, wato ƙaninsa, ya ɗora shi a babur ya kawo mini shi yana mita tun daga gida.

A ɗakin hoto aka fara rigima. Ya ce shi ba zai tuɓe riga a gaban 'yar cikinsa ba. Ogana ne ya raba mu. Wani dattijon Kirista ne daga kudu, ya daɗe a cikinmu har yana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma shi ya koya mini rabin abin da na sani. Ya kore ni bayan bango, ya tsayar da Baba yadda ya kamata, sannan ya ce in ba da umarni. Na ce ja numfashi, riƙe. Ta ɗan gilashin da ke bangon na hango Baba ya buɗe ƙirji kamar zakara zai yi cara. Na danna, na juya ina duba ko hoton ya fita, na shagala. Can sai na ji Oga yana dariya yana bubbuga bayansa. Ashe bawan Allah yana nan riƙe da numfashin, ido ya yi ja, jijiyar wuya ta tashi. Da ya samu ya sauke, ya harare ni ya ce, "Ai ba ki ce in saki ba."

Babu karaya. Likita ya duba hoton, ya auna jininsa, ya ce da ma samari su samu irin wannan. Na ɗaga wa Baba hoton a fitila na nuna masa: ga haƙarƙari, wannan baƙin huhu ne cike da iska, wannan farin da ya ɗan karkata hagu ita ce zuciya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce ashe ɗan wannan abin ne yake ta ɗawainiya da shi shekara saba'in ba hutu. Na sa masa hoton a babban ambulan mai ruwan ƙasa, ya rungume shi a ƙirji har bakin babur.

To, daga ranar Kwandiko ba ta huta ba. Baba ya mai da hoton nan abin nunawa. A majalisarsu ta gindin tsamiya yakan zaro shi ya ɗaga saitin rana, ya ƙirga wa mutane haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace. Ranar kasuwa da shi yake tafiya. Ya gaya wa kowa cewa 'yarsa tana da inji mai ganin cikin mutum, duk wanda ya ci amana ta gan shi. Inna kuwa abin ya ishe ta. Ta ce ita ba ta taɓa ganin dattijo mai jikoki yana yawo yana nuna wa gari abin da ke ƙarƙashin rigarsa ba, har ma da na ƙarƙashin fatarsa. Ya ce kishi take yi don ita ba ta da nata.

Haka suke, shekara arba'in da biyar. Inna ta iya miyar kuka, wannan ko maƙiyinta ya sani. Daddawarta ita take yi, man shanunta ita take kaɗawa. Amma ban taɓa jin Baba ya yaba ba. Kullum idan ta ajiye masa kwano, ya gutsuri tuwo ya dangwala, ya tauna a hankali yana kallon sama, sai ya ce gishiri bai ji ba. Ita kuma ta ja tsaki, ta miƙa hannu cikin gwangwanin gishiri ta barbaɗa masa ɗan kaɗan, ta ƙara masa cokalin man shanu don ya rufe mata baki. Ko gishirin ya ji ko bai ji ba, sai ya faɗa, sai ta ƙara. Muna yara mukan riga shi faɗa, ya bi mu da hula.

Wata huɗu bayan hoton, damina ta zauna ana maimai, ya fita gona da sassafe. Da hantsi aka same shi kwance a bakin kunya, fartanya a gefensa. Gonar a bakin burtali take, kuma a satin sun yi cacar baki da wani makiyayi da shanunsa suka shiga masa gero. Nan da nan magana ta tashi cewa duka ne. 'Yan sanda suka kama makiyayin, suka kawo gawar asibitinmu. Baffa ya rantse wuƙa ba za ta taɓa ɗan'uwansa ba, aka daidaita a kan a ɗauki hoto kawai. Oga bai bar ni na shiga ba. Ya zaunar da ni a benci ya rufe ƙofa. Likita ya duba hotunan ya ce babu karaya, babu alamar duka a ko'ina. Aka saki makiyayin a ranar, ya bi gawar har makabarta yana kuka kamar ubansa ne ya mutu. Kafin la'asar an rufe Baba. Sai dai lokacin da likitan yake sauke hoton ƙirjin daga fitila, ya ɗan ce, kamar mai magana da kansa, zuciyar ta yi girma a nan. Ni ban ji ba, kunnena a toshe yake ranar. Baffa ya ji, ya naɗe maganar tare da hoton ya kai gida.

Ban gane abin da ke faruwa ba sai bayan sadakar arba'in, da baƙi suka watse. Na je gida wata ranar Asabar na tarar matar Baffa ce ke aiko da tuwo. Murhun Inna ya yi sanyi har kaza ta yi ƙwai a ciki. Goran da take kaɗa nono yana kife a kan danga, madarar da aka tatsa kuma rabar da ita take yi ga maƙwabta. Ita kanta kunu take sha tsararo, ko ta ci gayan tuwo, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Na ɗauka takaba ce da kewa. Na ce ta tashi ta yi mini miyar kuka, na yi marmari. Ta ce ita ta daina girki. Na matsa, na matsa, kamar yadda na iya. Sai ta shiga ɗaki ta ɗaga katifa ta zaro hoton nan na ranar rasuwa ta ajiye a gabana.

Wai wata mata da ta zo gaisuwa ce ta ga hoton, ta ji abin da likita ya ce, ta gaya mata gishiri da man shanu su ke kumbura zuciya. Inna ta zauna ta yi tunani. Kullum ya ce bai ji ba, kullum ta ƙara, safe da dare, shekara arba'in da biyar.

Ta ce, "Makiyayi bai taɓa shi ba, an wanke shi. Ni ce. Da hannun nan nawa na yi ta zuba masa."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na miƙe tsaye na yi ta faɗa, har na ɗaga wa Inna murya, abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce ta gaya mini wace ce matar. Ta ƙi, ta ce ta san ni, gidanta zan tafi. Gaskiyarta, da can zan nufa ko mayafi ban gyara ba. Da na huce na zauna na yi mata bayani iya iyawata, ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce ni 'yarta ce, dole in faɗi abin da zai sanyaya mata rai. Likita ya faɗa, ga kuma hoto. Ta mayar da shi ƙarƙashin katifa. Na koma Birnin Kudu ina tsoro, don na ga tsofaffi da yawa da suka daina cin abinci bayan mutuwar miji, kuma na san inda abin yake ƙarewa.

Ranar Litinin na kasa aiki, Oga ya lura. Da na gaya masa, ya ja kujera ya zaunar da ni kamar ranar da na fara zuwa koyo, ya tuna mini abin da na sani sarai amma baƙin ciki ya shafe. Mai rai a tsaye muke ɗaukarsa, ƙirjinsa manne da allo, hasken inji ya zo daga bayansa daga nesa, huhunsa cike da iska. Gawa kuwa a kwance take rigingine, allon yana ƙarƙashin bayanta, zuciya kuma a gaba take, ta yi nisa da allon, sai inuwarta ta faɗaɗa. Huhu ba ya cika, kayan ciki su turo sama, zuciyar ta kwanta a karkace. Ga jini da ya daina zagayawa, ya taru ya zauna a cikinta, musamman ta ɓangaren dama. Ya ce ma'aunin da ake auna zuciyar mai rai ba ya aiki a kan mamaci, shi ya sa likitan ma bai rubuta maganar a takardar 'yan sanda ba, faɗa kawai ya yi a wuce. Sai ya cire tabarau yana gogewa. Ya ce zai gaya mini wani abu. Ranar rasuwar, da ya gyara gawar Baba a kan gadon ya koma bayan bango, bakinsa ya riga shi, ya ce ja numfashi Baba, har ya tsaya yana jira. Muka yi dariya, muka yi kuka, duk a haɗe. Sannan ya ce bakina ba zai ka da hoto ba, sai wani hoton. In nemo na bazara. Mu ba ma ajiye kwafi, wanda muka ba Baba shi ke nan.

Na ɗauki hutun kwana uku na tafi Kwandiko. Ambulan ɗin yana nan rataye a ƙusa a ɗakin Baba. Na fizgo shi da murna, na zazzage, irin kuɓewa ya zubo mini a cinya. Babu hoto. Na birkice ɗakin, na duba buhuna, na duba cikin rumbu. Baffa yana tsaye yana kallona, sai da na gaji ya ce, cikin natsuwa, ai hoton yana Farin Dutse, Yaya ya ba da shi aro. Na ce aron me? Ya ce aro dai, irin na mutane.

Wanda ya ara aminin Baba ne tun suna yara suna kiwo tare. Malam muke ce masa. Dogo ne siriri, haƙoransa na gaba sun tafi, kuma bai taɓa kirana da komai ba sai likita, ko da na gaya masa sau ɗari ni ba likita ba ce. Na hau acaba, kaka ta kawo kai, gero ya sunkuya, dawa ta fi mu tsawo a hanya, an fara yankan riɗi ana jingina shi tsaye a gonaki. Na same shi a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa mun yi wa Baba addu'a, na tambayi hoton. Ya ce ƙwarai, shi ya karɓa. Tari ne ya dame shi a farkon damina, Birnin Kudu kuma da nisa. Suka zauna da Baba suka duba: sa'o'in juna ne, tsawonsu kusan ɗaya, ruwa ɗaya suka sha, tuwo iri ɗaya suke ci. Me zai sa a wahala a ɗauki wani hoton alhali ga wannan sabo fil? Ya kai wa mai kemis a kasuwa, mai kemis ya ɗaga a rana ya ce ƙirjin nan fes yake, ya ba shi maganin tari na kwalba, ya sha, ya warke. Ya buɗe hannuwa ya tambaye ni ina laifi a nan.

Kai, ranar na yi wa'azi. Na ce ƙirji ba garma ba ce da za a ara a yi huɗa a mayar. Na ce da tarin fuka ne da shi fa? Da wani abu ne a huhunsa, mai kemis yana can yana yaba ƙirjin wani? Malam yana ta jefa gyaɗa a baki yana gyaɗa kai, ko a jikinsa. Da na tsaya shan iska ya ce wallahi faɗana irin na marigayi ne sak, har yadda nake kaɗa yatsa. Sannan ya ce hoton ba ya wajensa. Surukinsa na Surko ya zo da ciwon kafaɗa, shi ma ya ara.

Na ce ya kwatanta mini gidan in tafi. Ya ce a'a, ba a haka. Kayan aro hannun da ya bayar shi yake karɓowa, surukin nasa ba zai miƙa wa baƙuwa amanar mutane ba. Da na gaya masa dalilin neman, na gaya masa Inna ta daina girki, sai ya daina taunar gyaɗar. Ya ce miyar nan ya fi shekara arba'in yana cinta, in da tana kisa da shi aka fara binnewa, don shi har kwanon Baba yake sa wa hannu. Washegari da safe ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure muka kama hanya, acaba, mota, wata acabar. Duk tafiyar labarin Baba yake ba ni, yadda suka taɓa ɓatar da maraƙi suna yara suka ɗora wa kura laifi, maraƙin ya dawo gida da kansa ya riga su.

A Surko surukin ya karɓe mu hannu bibbiyu, aka kawo fura. Da Malam ya kawo maganar hoto sai mutumin ya fara sosa ƙeya, ya ce yana wajen mai ɗakinsa. Na nemi izini na shiga cikin gida. A tsakar gida an shimfiɗa leda an zube riɗi, wata mata mai ƙiba tana durƙushe tana ɗura shi a buhu. Abin da take kwasa da shi baƙi ne, ta lanƙwasa shi kamar mazurari, yana sheƙi a rana. Ban ma yi sallama yadda ya kamata ba. Na karɓe shi daga hannunta na warware. Ya kakkarce, ya sha maiƙon riɗi, akuya ta gutsure kusurwa guda. Amma a ɗaya kusurwar ga sunan Baba da rubutun hannuna. Na goge shi da gefen mayafina na ɗaga saitin rana, sai ga shi, ƙirji a buɗe, huhu cike taf, yana riƙe da numfashin da na manta ban ce ya saki ba. Na fashe da dariya a tsakar gidan mutane, hawaye na zuba, matar tana kallona kamar mai taɓin hankali.

Ita kuwa ranta bai so ba. Ta ce tun da take aikin riɗi ba ta taɓa samun abin kwasa mai daɗin wannan ba, ba ya karyewa, ƙwaya ba ta maƙalewa. Na yi mata alkawarin zan aiko mata da wanda ya lalace a wurin aiki, wanda babu ƙirjin kowa a kai, kuma na aika. Tsofaffin biyu kuma na kafa musu sharaɗi kowa ya zo a ɗauki nasa. Malam ya zo daga baya, aka samu ɗan tabo a huhunsa aka yi masa magani, har yau yana cewa hoton Baba ya fi nasa kyau.

Mun isa Kwandiko bayan azahar. Inna tana takaba, Malam ya tsaya a zaure suka gaisa daga nesa. Tana zaune a tabarma a inuwar ɗaki. Na ce ta ɗauko mini hoton ƙarƙashin katifa. Na ajiye su biyu a gabanta, na je na zaro tsinke biyu daga tsintsiya. Na san Inna, ba a cutarta a awo. Mudu ko yadi, da ido take gane an rage. Don haka na ce ba zan gaya mata komai ba, ita za ta auna da hannunta. Na riƙe mata hoton bazara a saitin rana, na ce ta ɗora tsinke a inda ƙirjin ya fi faɗi, daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari ta ciki, ta karya daidai nan. Ta karya. Na ce ta raba shi biyu daidai, ta ɗora rabin a kan farin nan na tsakiya. Haka muke yi a wurin aiki, da abin awo maimakon tsinke: in zuciyar mai rai ba ta wuce rabin faɗin ƙirji ba, girmanta daidai ne. Ta ɗora. Tsinken ya rufe zuciyar har ya yi saura kamar faɗin farce. Ta sake aunawa da kanta sau biyu, ba ta yarda da na farko ba.

Muka yi wa ɗaya hoton haka da tsinke na biyu, zuciyar ta zarce rabin. Inna ta ce to ai ga shi, a wata huɗun ne ta kumbura. Na ja ta cikin ɗaki na tura ƙofa, na kunna fitilar wayata na ba ta ta riƙe. Na dunƙule hannu na manna a bango, inuwar ta fito daidai hannun. Na janyo shi baya wajen fitilar, inuwar ta cika rabin bango. Na tambaye ta ko hannuna ya kumbura. Ta ce kar in mai da ita yarinya. Muka fito, na gaya mata yadda ake kwantar da mamaci, da yadda jini ke taruwa in ya daina gudu. Na nuna mata huhun a hoton farko, baƙi, faɗi, har ƙasa, na nuna mata na biyun a takure. Na ce a wancan ya ja numfashi ya riƙe, a wannan kuwa babu numfashin da zai ja.

Ta ajiye tsinken. Can ta ce, "To me ya kashe shi?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Likita ma bai sani ba, hoton bai nuna ba. Kwanansa ne ya ƙare. Gishiri da yawa ba alheri ba ne ga tsoho, ina gaya wa mutane kullum. Amma an auna jininsa a gabana lafiya lau, kuma wannan ita ce zuciyar da ya kawo mini bayan shekara arba'in da biyar yana cin miyarki."

Ta karɓi hoton bazarar ta ɗaga da kanta. Ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa ta shafa inda akuya ta gutsura, ta shinshina ta ce wannan ƙanshin riɗi fa? Malam ya ba ta amsa daga zaure, ya kwashe labarin tun daga mai kemis har buhun Surko, yana ƙara gishirinsa. Ina kallon bakin Inna yana motsi tana dannewa. Da ya zo wurin matar da ba ta so a karɓe mata abin kwasa, sai dariyar ta ƙwace mata, irin wadda ban ji ba tun kafin damina, har tana riƙe ciki. Ta ce ta faɗa, ta faɗa mutumin nan sai ya nuna wa duniya tsiraicinsa, ga shi har bayan ransa yana yawo gari gari. Ta sake kallon hoton ta ce dubi yadda ya wani buɗe ƙirji, kamar ranar kasuwa. Ta tura mini hoton ranar rasuwa ta ce in tafi da shi, ba ta son ganinsa a ɗakinta. Na bazarar kuma ta zazzage sauran irin kuɓewar daga ambulan ta mayar da shi ciki, ta jefa guntun tsinken tare da shi.

Ba ta ce za ta yi girki ba, ni ma ban tambaya ba, karo na farko a rayuwata da na iya kama bakina. Washegari ƙarar kaɗa nono ce ta tashe ni. Na leƙo na ga an kori kazar daga murhu, hayaƙi yana tashi, Inna tana dakan daddawa tana yi wa matar Baffa faɗa a kan itacen da ta kawo ɗanye ne. Da rana aka sauke tuwon dawa da miyar kuka, man shanu yana narkewa a kai. Aka kai wa Malam da Baffa nasu zaure, mu muka zauna a tabarma.

Na gutsura na dangwala na kai baki. Hannunta ya yi tsoro, miyar salam take. Matar Baffa ta kalle ni, na kalle ta, kowa ya ci gaba da ci ba wanda ya ce uffan. Daga zaure ma, inda ake jin muryar Malam tun safe, shiru. Inna ta kai loma ta tauna a hankali. Ta dubi gindin turmi, inda Baba yake shimfiɗa buzunsa ya ci abinci.

Ta ce, "Gishiri bai ji ba."

Ta ja tsaki, ta miƙa hannu ta jawo gwangwanin.